In Kunne Ya Ji, Gangar Jiki Ta Tsira

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta wajen Dusuman, cikin Ƙaramar Hukumar Jere a gefen birnin Maiduguri, ba zai rasa cin karo da samari masu neman aikin yini ba, wani da shebur a kafaɗa, wani da diga, wani kuwa hannu rabbana, abin da ya dogara da shi ƙarfinsa kawai. Kafin rana ta ɗaga sun watsu cikin wuraren gini, masu haƙa harsashi suna haƙa, masu kwaɓa siminti suna kwaɓawa, masu ɗaukar bulo suna hawa suna sauka. Kowannensu ya baro iyali a gida suna jiran abin da zai kawo da maraice. Abin tambaya shi ne, kafin mutum ya ɗora ƙafarsa kan tsani, wa ya tsaya ya gaya masa inda mutuwa take laɓe a aikin wannan yini?

Ba abin mamaki ba ne gini ya yawaita a wannan yanki. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke cikin 2009, jama'a daga ƙauyuka da garuruwa suka yi ta kwararowa Maiduguri da Jere neman mafaka. Cikin 2015 Gwamnatin Jihar Borno ta kafa ma'aikata ta musamman domin sake gina garuruwa da tsugunar da jama'a, kuma Farfesa Babagana Umara Zulum ne ya fara riƙe ta kafin ya zama Gwamna cikin 2019. Ana cikin wannan aiki sai ga wata jarrabawa: ran 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa a Maiduguri da Jere, dubban gidaje suka rushe ko suka tsage. Cikin 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 80 wajen sake gina madatsar. Gwamnati tana gini, ƙungiyoyin agaji suna gini, talaka ma yana ta lallaɓa katangarsa da ta faɗi.

To, su wane ne ke yin wannan aiki da hannuwansu? Da yawa daga cikin leburorin ba magina ba ne tun asali. Manoma ne da masunta da makiyaya waɗanda tashin hankali ya raba da sana'ar iyayensu. Mutumin da ya san halin gona da halin ruwa kamar yunwar cikinsa, ba lalle ne ya san halin ɗanyen kankare ko na wayar lantarki ba. A zamanin da, yaro yakan yi shekaru a hannun maigidansa, ƙarƙashin Sarkin Magina, yana koyon inda ake taka ƙafa tun kafin a bar shi ya hau soro. Ta irin wannan horo aka sami gwanaye kamar Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830. Yau kuwa a ɗauki mutum da safe, kafin azahar yana kan bene da kwanon kankare a ka. Abin da ya rage ya tsaya a madadin wancan dogon horo shi ne ɗan gajeren jawabin da ake yi wa ma'aikata da safe kafin a kama aiki. In wannan jawabi ya zama holoƙo, ba abin da ya tsaya tsakanin sabon lebura da haɗari.

ABIN DA KE KASHE JAWABI

A ƙananan wuraren gini galibi ba a ma yin jawabin. A manyan ayyuka inda sharuɗɗan kwangila suka tilasta a yi, sau da yawa ga yadda abin yake kasancewa: a tara mutane cikin rana, wani jami'i ya fito da takarda ya karanta da Turanci, kansa a sunkuye, abin da ya karanta jiya shi zai karanta yau. Sa'an nan a zagaya da takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a ɗauki hoto domin ofis, a watse. Takarda ta cika, kunnuwa kuwa ba abin da ya shige su.

Kada a yi saurin ɗora wa leburori laifi. Na farko, akwai maganar harshe. A wurin gini guda a Jere ana iya samun mai jin Barbarci, da mai jin Larabcin Shuwa, da Bahaushe, da Marghi, da Babur. Wanda ya yi wa waɗannan magana da Turancin littafi, da kansa yake magana. Na biyu, akwai maganar kuɗi. Wanda ake biya gwargwadon yawan bulon da ya ɗauka ko tsawon ramin da ya haƙa, duk mintin da ya yi a tsaye yana saurare, gani yake daga aljihunsa ake zare shi. Na uku, akwai sabo, wanda Hausawa suka ce turken wawa ne. Birkilan da ya shekara 20 bai taɓa faɗowa ba, da wuya ya saurari yaron da ya fito makaranta jiya yana koya masa hawan tsani.

Wasu masu kula da aiki, da suka ga mutane suna hamma, sai su ɗauka maganin abin shi ne ban dariya da barkwanci. Raha tana da amfaninta, ba shakka, amma abin da ke sa mutum ya kasa kunne da gaske shi ne ya ji ana maganar ransa, a kan aikin da zai sa hannu yanzun nan, da harshen da yake mafarki da shi, kuma a nemi jin ta bakinsa.

YADDA JAWABI KE SHIGA KUNNE

Sharaɗi na farko shi ne gajarta. Minti 5 zuwa 10 sun isa, a inuwa, a kan magana ɗaya tak. Tun cikin 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace yakan zube cikin ɗan lokaci kaɗan in ba a maimaita ba. Saboda haka ɗan kaɗan kullum ya fi dogon wa'azi sau ɗaya a wata. Kuma maganar ta dace da aikin ranar: ranar haƙa a yi maganar rami, ranar zuba dakin a yi maganar katakan da ke tallafe da shi.

Sharaɗi na biyu, a yi jawabin a bakin abin da ake magana a kansa, domin gani ya kori ji. A ce ga wani helluma ya tara mutanensa a bakin ramin harsashi. Maimakon ya karanta musu doka, sai ya dubi dattijon cikinsu ya ce, "Baba, kai ka fi kowa daɗewa a wannan sana'a. Dubi ramin nan, me ka gani da bai kwanta maka ba?" Dattijo ya duba ya ce, "Malam, ƙasar da aka haƙo an tara ta a bakin ramin, ga shi jiya an yi ruwa. Nauyinta zai iya turo gefen." Helluma ya juya ga wani saurayi ya ce, "To, kai ƙanena, in kana ciki ya fara zubowa, ta ina za ka fita?" Saurayi ya waiwaya ya ga babu tsani. Nan take kowa ya gane, ba tare da an zagi kowa ba. A nan ne helluma zai ƙara musu da abin da ba su sani ba: ƙasar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ta kai nauyin tan ɗaya da rabi, watau nauyin ƙaramar mota, kuma wanda ta danne wa ƙirji ba ya iya numfashi ko da kansa yana waje. Dokar Amurka ta ce ramin da ya kai zurfin ƙafa 5 sai an tokare gefensa ko an kwantar da shi, kuma a ja ƙasar da aka haƙo baya aƙalla ƙafa 2. Ƙasar rairayi da wadda ta sha ruwa sun fi kowace saurin cin amana.

Wannan dabara ta tambaya ba sabuwa ba ce. A ƙasar Japan, inda aka ƙaddamar da gangamin kawar da haɗari a wuraren aiki cikin 1973, ma'aikata kan taru ƙungiya-ƙungiya da safe su amsa tambayoyi huɗu a jere: wane haɗari ne ke ɓoye a aikin nan, wanne ne ya fi muni, me za a yi a kansa, sa'an nan me aka ɗaure a kai yau. Daga nan kowa ya nuna abin da yatsa ya faɗe shi da ƙarfi. Ma'aikatan jiragen ƙasa na can sun daɗe da wannan al'ada ta nuni da ambato, kuma wani gwaji da cibiyar binciken jiragen ƙasa ta ƙasar ta yi cikin 1994 ya nuna tana rage kuskure da kusan kashi 85 cikin 100. Ba ta bukatar kwamfuta ko wutar lantarki, saboda haka ba abin da zai hana ta aiki a Dusuman.

Sharaɗi na uku, a bar hannu ya koya. Kada a ce "ku kafa tsani daidai" a yi shiru. A kawo tsanin, a kira mutum ɗaya ya kafa, sauran su gyara masa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk tsawon ƙafa 4 na hawa, gindin tsani ya ja baya ƙafa 1 daga bango, kansa ya zarce wurin sauka da kamar mita ɗaya, a ɗaure shi ko wani ya riƙe, mai hawa kuma kada ya saki hannu biyu a lokaci ɗaya. Mai son nuna amfanin hular kwano, ya kife ta kan kankana ko ƙwarya ya sako guntun bulo daga sama, sa'an nan ya sake sakowa babu hular. Wanda ya ga yadda ƙwaryar ta tarwatse ba ya bukatar tafinta.

Sharaɗi na huɗu, a ba labari wurinsa. Mutanen wannan ƙasa masu son labari ne, kuma kusan kowane tsohon magini yana da tabo a jikinsa da tarihin yadda ya same shi. A ba shi minti biyu ya faɗa da bakinsa. A kuma saba da tambayar, "Jiya wa ya tsallake rijiya da baya?" Wanda guduma ta faɗo kusa da shi, ko katako ya karye a ƙarƙashinsa bai ji ciwo ba, ya faɗa a gyara. Amma fa in aka tsawata wa mai faɗa ko aka yi masa dariya, daga ranar ba wanda zai sake buɗe baki. A riƙa juya jawabin kuma, yau birkila, gobe kafinta, jibi mai ɗaurin rodi ko mai walda, kowa da harshen da ya fi iyawa, wani ya fassara wa saura.

HAƊARIN DA YA KEƁANTA DA WANNAN YANKI

Takardun jawabi da ake kwafowa daga ƙasashen waje sun san haɗari huɗu da suka fi kashe magina a can: faɗowa daga sama, faɗowar wani abu kan mutum, jan wutar lantarki, da dannewa ko matsewa. Duk huɗun suna nan Borno. Mai ɗaukar dogon rodi a kafaɗa ƙarƙashin wayar wuta ya sani cewa babbar waya tana iya jan mutum ko bai taɓa ta ba, saboda haka a nisance ta da aƙalla mita 3. Amma akwai wasu abubuwa da waɗancan takardu ba za su faɗa ba.

Akwai zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40. Masana lafiyar ma'aikata suna ba da shawarar a sha ruwa kamar kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, kada a jira ƙishirwa. Jiri da ciwon kai da amai alamu ne na a tsaya. Wanda ya fara rikicewa yana maganar da ba kai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a garzaya da shi asibiti. Sabon ma'aikaci ya fi kowa shiga wannan haɗari a kwanakinsa na farko. In azumi ya faɗo cikin bazara, hikima ita ce a fara aiki mai nauyi tun da asuba a tashi da wuri.

Akwai gine-ginen da ambaliya ta jiƙa. Katangar da ta kwana cikin ruwa tana iya tsayawa kamar lafiyayya alhali gindinta ya ruɓe, saboda haka rushe tsohon gini yana bukatar jawabinsa dabam. Akwai ɗanyen siminti, wanda ke cin fata a hankali ba tare da mutum ya ji zafi nan take ba, sai da dare ya ga ƙafa ta sale. Masu shiga kwaɓi da silifa ko ƙafa tsirara su ne abin tausayi a nan. Akwai gaggawar cire katakan da ke tallafe da dakin domin a kai su wani aiki, alhali kankare sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Ba mai ikon cewa a cire sai injiniya.

Sa'an nan akwai abin da yaƙi ya bari cikin ƙasa. A wuraren da aka yi faɗa, mai haƙa harsashi yana iya tono harsashin da ba na gini ba, ko wani ƙarfe da bai san kansa ba. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kawar da nakiyoyi ta fara aiki a arewa maso gabas cikin 2018, kuma saƙon da ake koyarwa gajere ne: kada a taɓa, kada a matsa kusa, a ja da baya ta inda aka zo, a sanar da jami'an tsaro da Bulama. Duk jawabin ranar haƙa da bai ƙunshi wannan ba, bai cika ba.

Wani zai ce ai komai ƙaddara ce, abin da zai sami mutum ba ya kuskure masa. Gaskiya ne rai da ajali suna hannun Allah. Amma malamai sun sha kawo hadisin mutumin da aka umurta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya yi tawakkali. Ɗaure tsani ɗaure raƙumi ne. Helluman da ya iya faɗin wannan cikin ladabi ya fi mai takarda goma tasiri.

NAUYIN DA KE KAN ƊAN KWANGILA

Duk daɗin bakin mai jawabi, maganarsa banza ce in maigidan aiki bai tsaya bayanta ba. Ba a ce wa mutum ya sa hular da ba a saya ba. Da safe a ce "ku kula da ranku", da rana a ce "ku yi sauri motar siminti tana jira", leburori sun san wace magana ce ta gaskiya. Abu uku ne za su nuna da gaske ake: lokacin jawabi ya shiga cikin lokacin da ake biya, abin da ma'aikata suka nuna da safe a gyara shi a ranar, gobe a faɗa musu an gyara, kuma kowane lebura, komai ƙanƙantarsa, ya sami ikon cewa "a dakata" ba tare da tsoron kora ba.

Tarihi ya nuna amfanin kashe kuɗi a wannan hanya. Lokacin da ake gina gadar Golden Gate a Amurka, daga 1933 zuwa 1937, babban injiniyan aikin, Joseph Strauss, ya tilasta sa hular kwano ya kuma sa aka shimfiɗa raga a ƙarƙashin gadar. Mutum 19 suka faɗa cikin ragar suka tashi da ransu. Duk da haka, cikin Fabrairu 1937 wani dandamali ya ɓalle ya keta ragar, mutum 10 suka mutu. Watau kariya ɗaya ba ta isa, kuma ba ranar da za a ce an gama.

A nan gida, ran 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, Legas, ya rushe ya kashe fiye da mutum 40, yawancinsu ma'aikata. A ƙarshen Agusta 2022 wani bene da ake ginawa a titin Beirut cikin Kano ya rufta kan jama'a. Irin waɗannan ba jawabin safe ne zai hana su ba, aikin injiniyoyi ne da hukumomin da ke ba da izinin gini. Amma su ne kawai jaridu ke bugawa. Wanda ya faɗo daga hawa ɗaya ya karya ƙugu, aka kai shi wurin mai ɗori, ya koma gida ba aiki ba diyya, ba wanda ke ƙirga shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa aƙalla mutum 60,000 ke mutuwa kowace shekara a wuraren gini a duniya, watau mutum ɗaya duk minti 10.

Ya kamata kuma jawabin safe ya riƙa sanar da ma'aikaci haƙƙinsa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya cikin asusun diyya. Dokar ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi da mai koyon sana'a, ko da baki aka yi yarjejeniyar aikin. Wanda ya ji rauni ya sanar da maigidan aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Leburori nawa ne a Jere suka taɓa jin wannan?

Saboda haka akwai kira ga masu iko. Gwamnatin Jihar Borno da ƙungiyoyin da ke ba da kwangila su sa jawabin safe da harshen ma'aikata cikin sharuɗɗansu, masu duba aiki kuma su daina wadatuwa da takardar sa hannu: su ja lebura ɗaya gefe su tambaye shi abin da aka faɗa yau. Kwalejin Fasaha ta Ramat da Jami'ar Maiduguri suna iya shirya gajeren horo ga hellumomi, da katunan zane masu bayani cikin Hausa da Barbarci, da boko da ajami. Gidajen rediyo su ba da fili. Ran 28 ga Afrilu, wadda duniya ta keɓe tun 2003 domin lafiyar ma'aikata, a fita daga ɗakin taro a je bakin rami. Mai gina gidan kansa da leburori biyar shi ma bai fita ba, minti 5 ba za su tsiyata shi ba.

Mutanen da ke ɗaukar bulo a Dusuman sun tsira daga bindiga, sun tsira daga ruwa. Abin kunya ne a ce tsanin da ba a ɗaure ba ne zai mayar da 'ya'yansu marayu. Tun ran gini ran zane. Allah ya tsare ma'aikata, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.